Akushin Wanda Ya Dawo Daga Bauta

Karatun yau: 2 Sarakuna 25:27-30, Ezekiyel 11:14-17, Matiyu 1:11-12

 Idan Littafi Mai Tsarki yana kusa da kai, ka buɗe ƙarshen littafin Sarakuna na biyu, ka karanta ayoyi huɗu na ƙarshe kafin mu ci gaba. Ba su da tsawo. Yawancinmu mukan wuce su da sauri, gama bayan labarin ƙone Haikali da rushe garun Urushalima, wa zai tsaya kan labarin wani tsohon ɗan kurkuku da aka ba abinci? Amma da labarin nan ne Ubangiji ya ga ya dace a rufe tarihin sarakunan Yahuza.

Sunan mutumin Yehoyakin. Yana da shekara 18 ya hau gadon sarauta, wata uku kawai ya yi a kai. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kewaye Urushalima da yaƙi, saurayin kuwa ya fita ya miƙa wuya. Ba shi kaɗai aka kwashe ba. An tafi da mahaifiyarsa Nehushta, da matansa, da fādawansa, da jarumawa, da maƙera da masassaƙa. Daga nan littafin Sarakuna ya yi shiru a kansa har shekara ta 37 ta bautarsa. Ka yi lissafi da kanka. Ya fita yana saurayi, aka buɗe masa ƙofa yana wajen shekara 55.

Ƙasa ta ɓoye mana ɗan guntun labarin shekarun nan. Tsakanin 1899 da 1917 wasu Jamusawa masu tonon kayan tarihi sun haƙa kangon Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau. Cikin abin da suka tono akwai ƙananan allunan yumɓu na ma'ajin sarki, inda akawu yake rubuta abin da aka fitar daga rumbu. A 1939 wani masani mai suna Ernst Weidner ya buga abin da ke kansu, sai ga sunan Yehoyakin sarkin Yahuza, da awon man da ake ba shi, da na ƴaƴan sarkin guda biyar. An ajiye allunan a gidan tarihi a Berlin. Abin da ya rage na jikan Dawuda ke nan a takardun Babila: suna ɗaya cikin jerin masu karɓar awo. Duk wanda ya taɓa zama a hannun maƙiyi ya san wannan. Ransa dukansa yakan koma kan mudun da za a auna masa gobe.

Shekarar nan ta 1939 ina riƙe da ita don wani dalili dabam. A lokacin ne yaƙin duniya na biyu ya tashi, Faransa ta bukaci samari daga ƙasashen da take mulka, aka ɗora wa sarakuna su kawo. Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda aka ɗauka daga ƙauyenmu, a yankin da yau ake kira jihar Maraɗi. Sabon aure ne da shi. A watannin Mayu da Yuni na 1940 Jamus ta karya Faransa cikin mako shida. A wurare da dama, kamar Chasselay kusa da Lyon, sojojin Jamus sun ware baƙaƙen fata da suka riga suka ajiye bindiga suka kashe su. Waɗanda suka tsira da rai, dubbai, aka tsare su. Hukumar Hitila ba ta son baƙar fata a ƙasarta, saboda haka yawancinsu a cikin Faransa aka riƙe su, a sansanonin da ake kira Frontstalag, suna sarar itace, suna aikin gona da na masana'antu. Sanyi da yunwa da tarin fuka sun cinye da yawa. Leopold Sedar Senghor, wanda daga baya ya zama shugaban Senegal na fari, yana ɗaya daga cikin fursunonin nan, sai a 1942 aka sake shi saboda rashin lafiya.

Ko da aka ƴantar da su a 1944, wahala ba ta ƙare ba. Ran 1 ga Disamba na shekarar, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, tsofaffin fursunoni da suka nemi a biya su albashin shekarun da suka yi a tsare, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da yawa sun ce adadin ya fi haka nesa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Kakana ba ya cikinsu, jirginsa daga baya ya zo.

Ya iso gida bayan damina shida. Ga abin da ya tarar. An daɗe da yi masa zaman makoki. Matarsa ta jira iyakar jiranta, dangi suka matsa, aka aurar da ita a wani gari, har ta haihu. Gonarsa kuwa ƴan'uwansa sun raba. Ba na zargin matar, Allah ya sani, shekara da shekaru babu takarda babu labari. An yi guɗa ranar da ya dawo, an yanka akuya. Bayan kwana bakwai kowa ya koma harkarsa, aka bar shi da abin da ya ɗauko.

Ni da tsufansa na san shi. Ba ya cin abinci a cikin mutane. Yakan ja akushinsa ya juya wa kowa baya, ya ci da sauri kamar za a ƙwace. A ƙarƙashin tabarmarsa kullum akwai ƙanzo a ƙunshe cikin tsumma. Idan kare ya yi haushi da dare sai ya miƙe tsaye, ba zai sāke kwanciya ba. Mahaifina ya gaya mani cewa dukan da ya fi tunawa a ƙuruciyarsa, a kan lomar tuwo ɗaya ce da ya jefa wa kaji. Mahaifina ya tashi ba mai yawan magana ba, mai saurin hannu ga ƴaƴansa, bai kuwa san inda ya samo halin ba. Ni ma da na yi iyali na ga inuwar abin a cikina, ina daka wa yaro tsawa a kan ragowar shinkafa kamar ya yi kisan kai. Maganar gonar nan kuma, har zamaninmu akwai gidaje biyu na dangi da ba sa zuwa sunan juna. Mutum ɗaya aka kama a Faransa, amma tsara uku muka yi zaman kurkukun tare da shi, ba wanda ya taɓa kiran abin da sunansa.

Ɗan'uwa, wataƙila kai ma akwai irin wannan a gidanku. Wataƙila ba na zamanin Turawa ba ne, na jiya-jiya ne. Tun da aka sace ƴan mata 276 a Chibok a watan Afrilu na 2014, tun da yaƙin ya tsallako Diffa da Bosso a 2015, ya shiga garuruwan arewacin Kamaru da tsibiran tafkin Cadi, gidaje nawa ne suka ga an tafi da nasu? A kan iyakar Maraɗi ma an sha ɗaukar mutane a kai daji. Wasu sun dawo. Tambayata gare ka ita ce, da suka dawo, me suka tarar a wurinmu?

Ka dubi Ezekiyel sura 11. Shi annabi Ezekiyel tare da Yehoyakin aka kwashe shi, shi ya sa a littafinsa yake ƙidaya shekaru daga bautar sarkin, kamar yadda a gidanmu tsofaffi sukan ce an haifi wane shekara biyu bayan an tafi da Kaka. Ubangiji ya gaya wa Ezekiyel abin da mutanen da suka rage a Urushalima suke faɗa a kan ƴan'uwansu da aka kama. Cewa suke yi, waɗancan sun yi nisa da Ubangiji, ƙasar yanzu tamu ce. Ka ji? Abu biyu ne a haɗe, hukunci da kwaɗayi. Sai ka fara ce wa mutum Allah ya yashe shi, sa'an nan hannunka ya yi sauƙin kai wa gonarsa. Amsar Ubangiji kuwa ita ce, ko da yake sun yi nisa da Haikali, shi da kansa ya zama musu wuri mai tsarki a ƙasashen da suka tafi, zai kuma tattaro su ya ba su ƙasar. A Irmiya sura 24 ma, da aka nuna wa annabi kwanduna biyu na ɓaure, kyawawan su ne waɗanda aka kai bauta.

Kada ka fahimce ni a karkace. Littafi Mai Tsarki bai wanke Yehoyakin ba, ya faɗa a fili cewa ya aikata mugunta a gaban Ubangiji, bautar Yahuza kuma hukunci ne a kan zunubin al'umma. Amma igiyar da ta ɗaure sarki mai laifi ita ce ta ɗaure Ezekiyel firist, kafin su kuma an riga an tafi da Daniyel da abokansa. Saboda haka ba ka da iko ka dubi wanda aka kama ka ce alhakinsa ne ya kama shi. Ba ka sani ba. Kai da ka kwana a ɗakinka daren da aka zo, ba adalcinka ne ya tsare ƙofarka ba.

Yanzu mu koma ga ayoyin nan huɗu. Nebukadnezzar ya mutu, ɗansa Ewil-merodak ya hau. Mutumin nan ba mai bautar Allah na Isra'ila ba ne, sarautarsa ma wajen shekara biyu kawai ta yi. Amma ka lura da abin da ya yi wa tsohon fursuna. Ya fito da shi, ya yi masa magana mai daɗi. Aka tuɓe masa tufafin kurkuku. Aka ba shi kujera. Abin da ya fi taɓa ni shi ne na ƙarshe: ya riƙa cin abinci a gaban sarki, ana kuma ba shi rabonsa kowace rana har ƙarshen ransa. Marubucin ya nanata wannan, kowace rana, muddin ransa. Walimar kwana ɗaya kowa yana iya yi, mu ma mun yanka akuya. Wanda ya yi shekaru yana kwana bai san ko gobe za a auna masa ba, ba ranar guɗa ce take warkar da shi ba. Abin da yake bukata shi ne ya ga akushinsa yau, ya gan shi gobe, ya gan shi baɗi, har jikinsa ya yarda cewa ba za a ɗauke ba. Idan sarki arne ya gane wannan, ina hujjarmu mu da muke cin gurasa a teburin Ubangiji?

Sau ɗaya tak kakana ya buɗe mani cikinsa. Ina ɗan shekara goma sha wani abu, na ɗaga tabarmarsa ina yi masa wasan jika, na ce, "Kaka, ɓera ne kai da kake tara ƙanzo?" Na zaci zai kai mani sanda. Sai ya yi shiru, can ya ce, "Aboki, zauna." Ya gaya mani yadda ake yanka burodi ɗaya a raba wa mutane da yawa, a sa ɗaya ya juya baya yana kiran suna don kada a ce an yi son kai. Sa'an nan ya ce idan wani ya mutu da dare, ba su faɗa wa masu gadi sai an raba burodin safe, domin su ci rabonsa. Ya ce akwai wani yaro Bazabarme da suka kwana biyu da gawarsa. Bai yi kuka ba. Ya ce, "Na ci abincin matacce, aboki. Yaya zan sa hannu a akushi ɗaya da mutane?"

Ashe ba rowa ce take juya bayansa ba, kunya ce. Shekara talatin da wani abu muna zaune da shi muna cewa halinsa ne.

Waɗanda suke dawowa yau ma suna ɗauke da irin wannan kaya. Wata an aurar da ita dole. Wani an ba shi bindiga an ce ya harba ko a harbe shi. Wani an sa masa wuƙa a wuya ya furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Ba sa bukatar ka tuna musu, dare yana tuna musu. Na ji labarin inda aka tsai da irin waɗannan a gaban jama'ar ikilisiya aka ce sai sun ba da bayani dalla-dalla kafin a karɓe su. A ganina wannan ba horon ikilisiya ba ne, ƙarin bulala ne. Ka tuna yadda Ubangiji ya yi da Bitrus, wanda ba a ma ɗaure shi ba ya yi musun sa har sau uku. A Yahaya sura 21, a bakin teku, wuta ya fara hurawa, ya gasa kifi, ya ciyar da shi. Sai da suka ƙoshi ya yi masa tambaya, tambayar ma a kan ƙauna ce. Kai ma ka fara da abinci. Kada ka tone shi da tambayoyi, amma ranar da ya ce maka zauna, ka ajiye duk abin da kake yi ka zauna. Idan gonarsa ko ɗakinsa ko akuyarsa tana hannunka, ka mayar tun bai roƙa ba. Idan kuma ba ya barci, yana firgita, yana ihu da dare, ka yi masa addu'a, ka kuma kai shi wurin likita. Ba kowace firgita ce aljani ba. Zuciya takan yi rauni kamar yadda ƙafa take karyewa, Allah kuwa ya ba wasu sanin ɗorinta.

Akwai abu ɗaya da ya fi wuya, shi ne ƴaƴan da aka haifa a can. Ka san sunan da ake kiransu da shi a unguwa, ba sai na rubuta ba. Ka san akwai matan da suke janye yaransu idan irin wannan yaro ya zo wasa. To, ka saurara. Ta bakin Irmiya, a sura 22, Ubangiji ya ce ko da Yehoyakin zoben hatimi ne a hannunsa na dama, zai cire shi, kuma babu zuriyarsa da zai zauna a kursiyin Dawuda yana mulkin Yahuza. Magana ce mai nauyi. Yehoyakin bai sāke ganin Urushalima ba, ba a mayar masa da shekarunsa 37 ba, a Babila ya ƙare. Amma 1 Tarihi sura 3 ta lissafta ƴaƴansa bakwai, aka kuma haifa masa jika mai suna Zarubabel. Ma'anar sunan ita ce zuriyar Babila. Yaron yana yawo da sunan ƙasar maƙiya a kansa. Shi ne ya jagoranci waɗanda suka komo, shi ne ya sa harsashin sabon Haikali, kuma a ayar ƙarshe ta littafin Haggai, shi ne Ubangiji ya ce zai mai da shi kamar zoben hatimi. Zoben da aka cire daga hannu a zamanin kaka, aka maido shi a zamanin jika.

Sa'an nan ka buɗe shafin farko na Sabon Alkawari. Matiyu ya kasa asalin Yesu kashi uku, ya kafa alamu a hanya: Ibrahim, Dawuda, da kwasar mutane zuwa Babila. Mu da za mu rubuta tarihin gidanmu, da mun tsallake wannan wuri, mu ce kada a tona asiri. Matiyu bai tsallake ba. Sunan fursunan yana nan, Yekoniya, wato Yehoyakin, da na ɗansa, da na jikansa zuriyar Babila, a kan hanyar da ta kai ga Almasihu. Mai Cetonka bai ji kunyar a ce akwai ɗan bauta a gidansu ba. Shi kansa an kama shi da dare, an ɗaure shi, sojoji sun tuɓe shi sun raba tufafinsa. Idan kai ne wanda ya dawo, kana karanta wannan a ɓoye, ka sani wanda kake yi wa addu'a ya san nauyin igiya a hannu.

Kakana ya ba da gaskiya da furfura a kansa. Ranar da ya fara cin Jibin Ubangiji ina zaune kusa da shi. Da aka miƙa masa gurasar sai ya dunƙule ta a hannu, na ga hannun ya nufi aljihu, kamar yadda ya saba. Dattijon da yake rabawa ya sunkuya ya ce masa a hankali, "Baba, ci. Wata mai zuwa ma akwai." Ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya ci, fuskarsa tana duban jama'a. Bai daina ajiye ƙanzo ba har ya rasu, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma daga shekarar nan ya fara yarda mu jikoki mu sa hannu a akushinsa.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, ka tuna da waɗanda suke tsare a daji da tsibirai a daren nan, ka zama musu wuri mai tsarki a inda babu majami'a. Ka riƙe iyayen da suke jira ba labari, da matan da ba su san ko su gwauraye ne ba. Waɗanda suka dawo, ka ba su barci. Ka gafarta mana inda muka ci gonarsu, da inda muka kira ƴaƴansu da mugun suna. Ka nuna wa kowannenmu ƙofar da zai kai akushi a wannan mako. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.